ARON LITTAFI AMANA NE: YADDA MASU SHA'AWAR KARATU KE YI WA JUNA JAGORA A ƘASAR KABI

Akwai wata tambaya wadda ba a raba masu sha'awar karatu da ita a duk inda suka haɗu, ko a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, ko a Argungu, ko a Gwandu da Jega. Da zarar an gama gaisuwa, an tambayi iyali da gajiya, sai a ji ɗaya ya dubi ɗan'uwansa ya ce, da irin harshen mutanen wajen, "Malam, mi kaka karantawa yanzu?" Daga nan hira ta ɓalle. Wannan ya faɗi littafin da ke hannunsa da inda ya tsaya, wancan ya yaba nasa, wani kuma ya kushe wanda aka ba shi makon jiya. Kafin a watse, sau da yawa an yi alkawarin aro, an kuma sa ranar mayarwa.

Wanda bai lura ba sai ya ɗauka hirar majalisa ce kurum. Amma in an duba da kyau za a tarar wannan ɗabi'a ita ce ta daɗe tana riƙe da karatu a kwarin Gulbin Rima. Ƙasar ba ta taɓa wadatuwa da kantunan littattafai ko ɗakunan karatu daidai da yawan jama'arta ba. Abin da ya riƙa kai littafi inda mota ba ta zuwa shi ne shaidar wanda ya karanta, da kuma hannun wanda ya yarda ya ba da aro. Duk lokacin da waɗannan biyu suka yi ƙarfi karatu yakan bunƙasa, in kuwa suka yi rauni sai littattafai su koma cikin akwati su zama abincin gara.

TUN ZAMANIN MALAM ABDULLAHI

Ɗabi'ar faɗa wa jama'a abin da mutum ya karanta ta girmi zuwan boko nesa ba kusa ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ya zauna a Gwandu har ya rasu a 1829, ya bar wani ɗan ƙaramin littafi da ake kira Ida'un Nusukhi, wanda ya rubuta wajen shekarar 1812. A cikinsa ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya ɗauka daga kowannensu. Ya nuna cewa a wurin mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani, sa'an nan yana da shekara 13 aka danƙa shi ga wansa Shehu Usmanu, wanda ya karantar da shi Ishiriniya da Ajurumiya da littattafan tauhidi da wasunsu. Ya kuma ambaci Malam Jibrilu ɗan Umaru cikin manyan da ya amfana da su.

Amfanin wannan jeri a fili yake. Almajirin da ya same shi ya sami taswirar hanya, ya san abin da zai fara da shi da abin da zai biyo baya, ya kuma san cewa littafi ba a raba shi da sunan wanda aka karɓe shi daga hannunsa. A makarantun zaure har yau haka abin yake: daga Ƙawa'idi a wuce Ahalari, daga nan Ishmawi, Iziyya da Risala, mai nisan zango ya kai Askari da Muhtasar. Malami ne ke duban almajiri ya ce masa, "Kai yanzu ka isa ka ɗauki kaza." Watau tun asali, zaɓen littafi a ƙasar nan shawara ce ta wanda ya riga ka, wanda kuma ya san ƙarfinka.

Ya kamata mai karatu ya tuna yadda littafi yake a wancan zamani. Babu injin ɗab'i. Takarda daga ƙasar Italiya take fitowa, ta biyo ta Tarabulus ko Masar, ta ƙetare Sahara a bayan raƙumi, saboda haka tsada gare ta. Kowane littafi da hannu ake rubuta shi, da alƙalamin kara da tawada, warƙa-warƙa ba ɗinki, a haɗa cikin tadarishi a ɗaure, a saka cikin gafaka. A ƙasan shafi marubuci yakan sa kalmar da shafi na gaba zai fara da ita, don kada warƙoƙi su rikice. Wanda ke son littafin da ba shi da shi, hanya ɗaya ce gare shi: ya je ga mai shi ya roƙi aro, ya zauna ya kwafa, ko ya biya wani ya kwafa masa. Da yake warƙoƙin a rabe suke, ana iya ba da wani sashe yau, in an dawo da shi a ba da na gaba. Ta haka littafi guda yake haihuwar goma.

Mata ma ba a bar su a baya ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta shirya ƙungiyar 'Yan Taru, inda takan naɗa jajis, watau dattijan mata masu jagora, su zo su karɓi waƙoƙin koyarwa daga gare ta da Hausa da Fulatanci, su koma ƙauyukansu su biya wa 'yan'uwansu mata. Wadda ba ta iya riƙe takarda ba ta riƙe da ka, ta kuma isar ga wata.

BAƘON DA YA ARI LITTAFI A GWANDU

Cikin watan Mayu na 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi, wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Gwandu a kan hanyarsa ta zuwa Timbuktu, bisa aiken gwamnatin Ingila. Zaman bai yi masa daɗi sosai ba, don ko ganin Sarki bai samu ba. Amma a garin ya haɗu da wani malami mai suna Buhari, wanda ya ba shi aron wani littafin tarihi na Larabci. Barth ya duƙufa kwana uku ko huɗu yana tsamo abin da zai iya daga ciki kafin ya mayar.

Wannan littafi shi ne Tarikhus Sudan, wanda Abdurrahman as-Sa'adi mutumin Timbuktu ya rubuta wajen 1655, ko da yake Barth ya zaci Ahmad Baba ne mawallafinsa. Abin da ya kwafa ya aika da shi Turai, aka buga a Jamus a 1855, kuma ta nan ne masanan can suka fara sanin tarihin daular Songhai da sarakunanta na gidan Askiya yadda ya kamata. Cikakken littafin bai fito da ɗab'i ba sai a ƙarshen ƙarni na 19 a birnin Paris na Faransa. Abin sha'awa ga mutumin Kabi shi ne, a cikin littafin nan akwai labarin yadda Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu bayan yaƙin Agadas, wajen 1516, abin da ya zama mafarin ɗaukakar daular Kabi.

A dubi tafiyar da littafin nan ya yi. An rubuta shi a bakin Kwara can yamma, ya yi ta wucewa daga hannun mai kwafa zuwa hannun wani har shekara kusan 200, ya iso Gwandu, sa'an nan aron 'yan kwanaki ya kai labarinsa wata nahiya. Da Malam Buhari ya kasance mai rowar littafi ne, da baƙon ya wuce bai san abin da ke cikin garin ba.

Ba wannan ne kaɗai misalin ba. Lokacin da Kyaftin Clapperton ya koma Sakkwato karo na biyu a 1826, cikin tsarabar da ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har da littattafan Larabci, ciki akwai littafin lissafin Euclid. Sarkin Musulmi ya shaida masa cewa dā ma suna da irinsa wanda aka kawo daga Makka, gobara ce ta cinye shi. Haka kuma Alhaji Umaru, wanda aka fi sani da Imam Umaru na Salaga, an haife shi a Kano a 1858 amma asalin gidansu Kabawa ne. Ya yi yawon neman ilimi a wannan yanki kafin ya wuce Gwanja, ya zauna a Kete-Krachi cikin ƙasar Ghana ta yau, inda ya karantar, ya yi rubutu da Larabci da ajami, har ya rasu a 1934. Karatun da aka yi a bakin Gulbin Kabi ya je ya yi 'ya'ya a bakin Volta.

ZUWAN LITTATTAFAN BOKO

Shekarar 1934 ɗin nan Kabawa ba su mance ta ba, don a cikinta ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa bikin kamun kifi don nuna an binne tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. A daidai wannan lokaci ne kuma littattafan ƙagaggun labarai na farko cikin boko suka fara fitowa daga Zariya. Dokta R. M. East na Hukumar Talifi ya shirya gasa a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin kansa. Magana Jari Ce, littafi uku, ya biyo baya daga 1937 zuwa 1939, kuma a watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Masu iya boko a lokacin ba su da yawa, mafi yawansu malaman makaranta ne da ma'aikatan En'e. Saboda haka tsohuwar al'ada ta sami sabon aiki. Kwafin jarida guda yakan zagaya unguwa, mai iyawa ya karanta da ƙarfi, sauran su saurara, a yi ta muhawara. Yaron da ya dawo hutu daga Midil ta Sakkwato da littafi a akwatinsa yakan zama abin nema a wurin tsaransa. Da aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, aka kafa hukumar NORLA a Zariya cikin shekarun 1950, sai ƙananan littattafai masu araha suka yawaita, kowane lardi kuma ya sami 'yar jaridarsa. Ta Lardin Sakkwato, wanda Gwandu da Argungu da Yawuri ke ƙarƙashinsa a lokacin, ita ce Zaruma. En'e-en'e suna da ɗakunan karatu, ana kuma aiko musu da akwatunan littattafai daga Kaduna.

Daga baya, a 1966, aka kafa kamfanin buga littattafai na Arewa a Zariya, wanda aka fi sani da NNPC, ya gaji littattafan da aka fara tun zamanin East. Duk wanda ya yi firamare ko sakandare a tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma, ko a Jihar Sakkwato kafin a yanke Jihar Kebbi a watan Agusta na 1991, ya san waɗannan littattafai. Ya kuma san yadda a ɗakin kwanan ɗalibai ake bin layi a kan littafi guda, har bangonsa ya cire a manne shi da ƙullun fulawa ko ƙaro, a ci gaba.

Birnin Kebbi kanta ba ta zauna a matsayin mai karɓa kurum ba. Marigayi Wazirin Gwandu, Alhaji Umaru Nasarawa, yana cikin sanannun marubutan waƙoƙin Hausa na ƙarni na 20, kuma waƙa rubutacciya ita ce ta fi kowane rubutu saurin yaɗuwa a ƙasar nan, domin ana kwafarta, ana haddace ta, ana kuma rera ta a taro.

LITTAFI YA SHIGA CIKIN GIDA

Babban sauyi ya zo ne a shekarun 1980, kuma dalilai biyu suka haddasa shi. Na farko, shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa na 1976 ya yaye dubban yara maza da mata masu iya karanta Hausar boko. Na biyu, tsuke bakin aljihu da faɗuwar darajar naira, musamman daga 1986, suka sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma ga littattafan makaranta kaɗai. Ga masu karatu sun yi yawa, ga abin karantawa ya yi ƙaranci.

Dama kafin nan an ga alamar inda iska ta dosa. A 1980 NNPC ta buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Da kamfanoni suka ja baya, sai matasan marubuta a Kano suka shiga buga nasu da kuɗinsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a 1991, Bilkisu Ahmed Funtuwa ta fito da Allura Cikin Ruwa. Daga Kano 'yan kasuwa suka riƙa ɗauko su zuwa Gusau, Sakkwato, Jega da Birnin Kebbi, har cikin Jamhuriyar Nijar.

Waɗannan littattafai babu wanda ya yi musu talla a jarida, babu kuma makarantar da ta wajabta su da farko. Bakin mata ne ya sayar da su. A wurin biki ko suna, ko a wurin kitso, wata ta ce, "Yaya, kin karanta kaza? In kin fara ba ki ajiyewa." Gobe a aiko yarinya da littafi naɗe cikin gyale, a ce ta kai wa Anti ta karɓo na biyu. Da yake akan raba labari kashi biyu ko uku, wadda ta sayi na ɗaya takan haɗa kai da wadda ta sayi na biyu. Daga nan kuma sana'ar hayar littafi ta kunno kai, inda mai shago ko wata matar aure a cikin gida ke tara littattafai, a biya ɗan abin da bai kai kuɗin saye ba a karanta kwana ɗaya ko biyu a mayar. Mai hayar da ya san aikinsa yakan san ɗanɗanon kowane mai zuwa, ya ajiye masa abin da zai so.

Ba a rasa masu suka ba. Malamai da iyaye da dama sun yi kukan cewa wasu littattafan na ɓata tarbiyya, an yi ta muhawara a jaridu da mujallu cikin shekarun 1990, har a 2007 aka ƙone wasu a bainar jama'a a Kano. Gaskiyar magana ita ce a cikinsu akwai tsaba akwai tsakuwa, kamar kowace kasuwa. Amma abin da ya fi wuta iya tace su shi ne shaidar masu karatu kansu. Littafin da uwa ta karanta ta ga ya dace ta miƙa wa 'yarta, shi ne ke daɗewa. Wanda aka ji kunyar a gan shi a hannu kuwa, da kansa yake ɓacewa.

WANE LITTAFI, GA WANE MUTUM

Tsofaffin masu karatu sun yarda da abu guda: ba a yaba littafi a iska, sai an dubi wanda za a ba. Yaron da ya fara haɗa baƙi, abin da aka saba miƙa masa shi ne Magana Jari Ce na ɗaya, saboda labaran gajeru ne, ga aku mai wayo yana jan zaren, kowane labari kuma yana iya ƙarewa a zama guda. Daga nan sai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ko Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ga mai son abin al'ajabi. Saurayi mai son dariya a ba shi Ruwan Bagaja, ya bi Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna rama wa juna tsiya gari-gari.

Wanda hankalinsa ya fara kwanciya, Shaihu Umar ya fi dacewa da shi, don a nan ne zai ga abin da cinikin bayi ya yi wa iyali guda, da irin wahalar da uwa ta sha tana neman ɗanta har ƙetaren Sahara. Jiki Magayi kuwa darasi ne a kan ƙarfin dukiya da ƙarshen ramuwar gayya. Mai son ya ga yadda marubuta suka dubi ɓarnar zamanin mai, sai ya nemi littattafan da gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta fitar a 1982: Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello a kan haɗarin mota, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo yana jan kunnen mai barin ƙauye don ruɗin birni.

A fagen waƙa akan fara da Imfiraji na Aliyu Namangi, sa'an nan waƙoƙin Mu'azu Haɗeja da na Sa'adu Zungur, da Fasaha Aƙiliya na Aƙilu Aliyu ga mai son ya ga iyakar inda Hausa ke iya lanƙwasa. A wasan kwaikwayo akwai Wasan Marafa na Abubakar Tunau, Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Muhammad Sada. Mai son siyasa cikin tatsuniya a miƙa masa Gandun Dabbobi, fassarar Bala Abdullahi Funtuwa. Mai Larabci kuma da ke son sanin jihadi daga bakin waɗanda suka yi shi, ga Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi da Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello.

Shaida mai amfani tana da ƙa'idarta. Mai yabon littafi ya faɗi abin da ya same shi da ya karanta, ya faɗi inda labarin ya yi sanyi in akwai, kada kuma ya tona ƙarshe. Kada ya yabi abin da bai karanta ba don a ce shi ma ya sani, domin ranar da aka gane, shaidarsa ta faɗi ke nan. Wanda aka ba shi kuma in ya dawo da littafi ya dawo da ra'ayi, ko da saɓanin na mai shi ne. Wannan musayar ita ce ribar mai ba da aro, don ba kuɗi yake karɓa ba.

INDA GIZO KE SAƘA

Duk wannan gini a kan amana yake tsaye, kuma a nan ne ake samun ɓaraka. Babu mai tara littattafai a ƙasar nan da ba shi da labarin wanda ya fita bai dawo ba. Wani ya ara ya ba wani aro ba da izini ba, na ukun ya yi tafiya da shi. Wani ya dawo da shi da tabon mai, ko an yage shafin ƙarshe an ƙunsa ƙosai. Mai littafi in an cuce shi sau biyu sau uku sai ya sa kwaɗo a akwati, ya riƙa cewa ba shi da shi. Cin amanar mutum guda ya rufe ƙofa ga unguwa ɗungum. Shi ya sa masu hankali suke rubuta sunansu a bango, suke ajiye ɗan littafin lissafi na wanda ya ara da ranar da ya ara, kuma mai aro na ƙwarai ba ya jin haushin a rubuta sunansa. Kyan alkawari cikawa.

Abin ya fi tsanani yanzu saboda da yawa daga cikin tsofaffin littattafan nan samunsu a kasuwa ya yi wuya, in ban da waɗanda hukumomin jarrabawa suka sa a manhaja. Kwafin da ke hannun wani tsohon malamin makaranta a Nasarawa ko a Argungu yana iya zama shi kaɗai ya rage a garin. Rubuce-rubucen hannu na gidajen malamai sun fi shiga haɗari, ga gara, ga danshi, ga gobara. Ambaliyar 2010 da ta 2020 sun rushe gidaje masu yawa a kwarin Rima, kuma duk ɗakin ƙasa da ya faɗi da gafaka a rataye, abin da ke cikinta ya tafi ke nan. Akwai kuma magada waɗanda in malami ya rasu sukan raba littattafansa kamar yadda ake raba tufafi, wani lokaci har littafi guda ya rabu gida biyu.

Wayar hannu ta zo da nata sauƙi da nata cuta. Labari yakan isa ga mutum ɗari a dare guda, ana kuma sauraron karatun littattafai a rediyo da waya, abin da ya amfani makafi da waɗanda ba su yi boko ba. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta fito da sababbin marubuta mata. Amma sau da yawa abin da ake turawa an ɗauke shi ne ba da yardar mai shi ba, har da goge sunansa. A zamanin alƙalamin kara, mai kwafa yakan rubuta sunan mawallafi ya yi masa addu'a kafin ya sa nasa. Wanda ya tura littafin mutum babu suna babu biya ya ci amanar da magabata suka kiyaye, kuma marubucin da bai mayar da kuɗin ɗab'i ba da wuya ya sake rubuta wani.

Gyaran bai fi ƙarfin jama'a ba. Jihar Kebbi tana da manyan makarantu: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya a Birnin Kebbi, Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, da jami'ar jiha a Aliero. Ɗalibansu na sashen Hausa da Larabci da tarihi suna iya bin gidaje da izinin masu su, su rubuta sunayen littattafan da ke akwai, su ɗauki hotonsu, asalin ya zauna a hannun mai shi. Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, wanda dā fadar Sarkin Kabi ce kafin a mai da shi gidan tarihi a 1958, da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da Arewa House a Kaduna, wurare ne da za a iya neman shawararsu kan adana tsofaffin takardu. A unguwa kuwa, mutum goma in kowa ya kawo littafi biyar an sami hamsin, sai a sami amintacce guda ya riƙe lissafi.

Iyaye da malaman makaranta su ne ke da babban rabo a wannan aiki. Yaron da bai taɓa ganin ubansa ko uwarsa da littafi a hannu ba, ba a yi masa adalci ba in an zarge shi da ƙin karatu. Wanda kuma aka miƙa masa littafi aka ce, "Karanta wannan, jibi ka zo ka ba ni labari," an ba shi abu biyu a lokaci guda, an ba shi ilimi an kuma koya masa riƙon amana. Duk wanda ya san akwai littafin wani a ɗakinsa wanda ya daɗe bai mayar ba, to, ya kakkaɓe shi ya kai wa mai shi tun yau, don akwai mai jiran layi a bayansa. Allah ya sa a dace, amin.